Na Ƙarshen Hoto

Hoton ya iso bayan sallar isha'i, ana yayyafi. Mai shayi ya riga ya ja teburinsa ƙarƙashin rumfar kwano, mu kuma mun cure a kan benci biyu, kowa na kare wayarsa daga ɗigon ruwa. Tela ne ya fara ganinsa a Facebook. Ya ce, "Jama'a, an shiga sansani." Kafin ya rufe baki wayar ta bar hannunsa, ba ta dawo masa ba sai da cajin ya yi ja.

'Yan wasan Kano Pillars ne suke zagaya fili a guje, an ɗauko su daga nesa. Hoto ɗaya ne tak, bai ma fito sosai ba. Amma a daren nan babu abin da ba mu tono daga cikinsa ba. Mun gano cewa wani ɗan baya ya ajiye tumbi a lokacin hutu. Mun gano cewa sabon golan dogo ne, kuma tsawo kaɗai ba ya kama ƙwallo. Direban da ke jigila tsakanin Ikara da Zariya ya buɗa hoton da yatsu biyu har fuskoki suka narke, ya rantse cewa na uku daga hagu daga Ghana aka kawo shi, wai gudunsa ma ba na ɗan Najeriya ba ne. Malamin firamare ya ce ƙarya ne, ya san yaron, ɗan Fagge ne. Aka yi ta yi har mai shayi ya fara kife kofuna.

Babu ɗayanmu da ya taɓa taka ƙofar sansanin. Wannan bai taɓa hana mu yanke hukunci ba.

Baƙo zai iya tambaya me ya haɗa mutanen Ikara da ƙungiyar Kano. Mu 'yan jihar Kaduna ne, ƙasar Zazzau, ba ma musun wannan. Sai dai Kano ta fi Kaduna kusa da mu. A Kantin Kwari 'yan kasuwarmu suke saro atamfa, a Singa suke saro kayan masarufi, kuma gidajen rediyon Kano ne suke shigowa ɗakunanmu da shirin wasanni. Dattawan majalisarmu suna tuna Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta kai wasan ƙarshe na wani kofin Afirka a 1988, ƙungiyar da Daniel Amokachi ya fito daga cikinta. Mun yi murna da Kaduna United ta doke Enyimba ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010. Amma ƙungiyoyin jiharmu sun yi ta tashi suna kwantawa. Pillars kuwa, tun da aka kafa ta a 1990, tana nan kusa da kunne. Ta ci gasar ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta je har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. Yaron da ya taso a wannan zamani ba sai an ce masa ya ce "Sai Masu Gida" ba.

Sau ɗaya ne muka je mata a matsayin majalisa guda. A watan Yulin 2019 aka buga wasan ƙarshe na kofin Aiteo a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, ita da Niger Tornadoes. Muka yi karo-karo muka ɗauki motar direbanmu. Gabanmu na faɗuwa tun daga Tashar Yari, don shekarar da ta gabata, a Asaba, Pillars ta yi gaba da ci uku ba ko ɗaya, Enugu Rangers ta farke duka ukun ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. A Kaduna ma aka tashi babu ci, aka sake zuwa fenareti. Malamin firamare ya juya wa fili baya, ya ce a faɗa masa in an gama. Aka ci huɗu da uku. Sai tsakar dare muka shigo Ikara, muryoyi duk sun dishe. Shekara uku bayan haka, a 2022, ƙungiyar ta faɗa rukunin 'yan dagaji, magoya bayan Barcelona da Madrid na majalisar suka yi wata guda suna yi mana ta'aziyya. Ta dawo a 2023.

Duk da haka, in za mu faɗi gaskiya, ba ranar wasa ce ta fi mana daɗi ba. Lokacin sansani ne. A watan Yuli gidan kallo kusan kullum a rufe yake, Turai ma ana hutu, in ban da wasannin sada zumunta da manyan ƙungiyoyi suke yi a Amurka da ƙarfe ɗaya ko biyun dare, waɗanda ba mai tada janareto dominsu. Sai hira. Kuma hirar sansani ita ce hirar da ba a taɓa kunyata kowa a cikinta, domin ba a buga ko wasa ɗaya ba. Teburi fari fat. Kowane sabon ɗan wasa gwani ne har sai an ga akasin haka. Wanda ya ce bana kofi namu ne, ba a da abin da za a ƙaryata shi da shi. Ko inda aka kafa sansanin ma abin musu ne: wani ya ce ana nan Kano, wani ya ce an tafi Kaduna don a guje wa 'yan zuwa gaisuwa, wani ya ce abokin ƙanin matarsa ya gan su a wani otal.

Akwai mutum ɗaya a cikinmu da ya san abin da ake yi a irin wannan wuri, tsohon malamin wasanni na sakandare da ya yi ritaya. Shi yake ce mana makonnin farko ba ƙwallo ake bugawa ba, jiki ake ginawa: gudu da sassafe, atisaye da yamma, likita ya duba zuciya da gwiwa da tsoffin raunuka. Sai daga baya a shiga tsarin wasa, wa zai rufe wa, wa zai hau in an yi kwana. Sannan wasannin gwaji, irin gasar share fage ta Ahlan da aka sha yi a Kano. A ƙarshe koci ya zauna da takarda, domin sunayen da ake yi wa rajista ƙididdigaggu ne, waɗanda suka zo kuwa sun ninka su. "Kowa ya ci zomo ya ci gudu," in ji shi, "amma da yawa gudun kawai suke ci." Mukan yi dariya mu wuce. Abin da muke so mu ji shi ne wa aka saya.

Akwai kuma wani abu da ya canza wanda ba mu lura da shi da wuri ba. Da can gasar Najeriya ba ta da tsayayyen lokaci, wata shekara a fara da rani, wata shekara da hunturu. Yanzu an daidaita ta da ta Turai. A 2024 da 2025 a watan Agusta aka fara. Ma'ana, tantancewa da sansani sun faɗo a Yuli, tsakiyar damina. A Legas wannan ba komai ba ne. A Ikara da Makarfi da Kudan kuwa, Yuli shi ne watan da shekara take tsayuwa ko ta faɗi. An gama noman firi, ana maimai, masara ta kai gwiwa tana jiran yuriya, ga huɗa na tafe. Duk gidan da ke da saurayi mai ƙarfi, a wannan watan ake sanin amfaninsa.

A irin wannan watan ne muka tura yaron.

Ɗan maƙwabcin tela ne. Bahago, lamba sha ɗaya, ba shi da jiki amma in ya ja ƙwallo ta gefen layi sai ka ga 'yan baya suna waige. A gasar unguwanni da ake yi a filin firamare shi ne abin kallo shekara biyu a jere. Mun taɓa bin sa har Makarfi, ya yanke mutum uku ya ba gola kunya, masu sayar da rake suka yi ta jefo masa kara kyauta. Yakan zo majalisa bayan isha'i ya tsugunna a gefe, ba ya hawa benci, ba ya sa baki sai an tambaye shi. Mu kuwa ba ma barin sa. "Kai ba ɗan nan ba ne." "Wallahi wanda ke buga lambarka a Firimiyar Najeriya bai kai ka ba." Kullum misalinmu ɗaya, Ahmed Musa. Yaro daga Jos ya zo Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, a 2010 ya tafi VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA Moscow, daga nan Leicester, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, ya dawo gida da arzikinsa ya sake sa rigar Pillars. Mun iya wannan labarin kamar karatun allo. Ba mu iya labarin ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka shiga tantancewa tare da shi aka sallame su ba.

Sai ga wani mutum ya ɓullo. Ya ga yaron a wasa, ya karɓi lambarsa, ya ce yana da hanya a wata ƙungiya. Ba Pillars ba ce, wata ce a wata jiha mai nisa, sunanta ba shi ne zancen ba. Ya ce za a shiga sansani, akwai gurbin bahago, amma akwai kuɗin fom, da na masauki, da na "ganin koci". Ya turo hotonsa yana tsaye a bakin wani fili da waya biyu a hannu. Muka buɗa hoton da yatsu biyu kamar yadda muka saba, muka yanke hukunci cewa wannan babban mutum ne.

Mahaifin yaron ya ce a'a. Manomi ne, gonarsa ta masara tana hanyar Paki, kuma wannan shi ne babban ɗansa namiji. Abin da ya tara na takin yuriya buhu biyu shi ne kaɗai kuɗin da ke gidan, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo, ɗan ƙwadago ma sai mai hali. Yaron ya zo majalisa ido jawur. Nan take muka naɗa wakilai: tela, da malamin firamare, da direba. Tsohon malamin wasanni ya ce a bi a hankali, a nemi wanda ya san ƙungiyar a tambaya. Muka ce tsufa ne.

Bayan la'asar suka same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Aka gaisa, aka tambayi damina.

Tela ya ce, "Baba, alfarma muka zo nema. Yaron nan Allah ya ba shi baiwa. Kada a tare masa hanya."

Ya ce, "Ni ban tare hanyar kowa ba. Ya bari a yi huɗa, a zuba taki, sai ya tafi."

Malamin firamare ya ce, "Baba, sansani ba ya jira. In aka rufe rajista sai baɗi. Kuma in aka ɗauke shi, albashin wata ɗaya ya sayi takin nan har da ƙari."

Dattijon ya daɗe yana duban ƙotar. Sannan ya ce, "Ku ne kuka san boko, ku ne kuka san ƙwallo. Ni masara na sani. Tunda ku manyansa kun ce haka, shi ke nan. Allah ya sa ku fi ni gaskiya."

Wakilanmu suka dawo suna murna. Mun haɗa masa kuɗin mota da sabon takalmin ƙwallo daga gwanjo. Sauran, babban kason, daga kuɗin taki ya fito. Direba ya kai shi Zariya kyauta ya sa shi a mota.

Kwana uku na farko yana kira. Ya isa, an ba su wurin kwana, gobe za a fara. Daga nan wayar ta daina shiga. Muka ce ai haka sansani yake, ƙwace wayoyi ake yi don a mai da hankali. A rana ta takwas ƙungiyar ta sa hoton atisaye a shafinta. Can ƙarshen hoton, ta hannun dama, akwai wani siririn yaro ya ba da baya, ƙwallo a ƙafarsa ta hagu. Tela ya yi kabbara. Muka zagaye shi da jan layi muka watsa a WhatsApp. Kafin azahar ta gobe labari ya kai Hunkuyi cewa ɗan Ikara ya samu ƙungiya. Mata suka shiga yi wa mahaifiyarsa barka. Wani ɗan siyasa ma ya aiko a tambaya yaushe zai dawo a ɗauki hoto da shi.

Ba shi ba ne. A ranar da muke zagaye wannan hoton, yaron yana wata tasha yana dakon kaya don ya haɗa kuɗin motar dawowa.

Sai bayan watanni ya ba mu labarin, guntu-guntu, ba a zama ɗaya ba. Wurin kwanan aji ne na wata makaranta da ke hutu, tabarma da sauro. Su fi ɗari, daga jihohi daban-daban, kowanne gwanin garinsu ne, kowanne akwai majalisar da ta ce masa shi ba ɗan nan ba ne. 'Yan wasan ƙungiyar na ainihi suna otal, ba su ma haɗu ba sai daga nesa. Waɗanda suka zo gwaji ana raba su goma sha ɗaya-goma sha ɗaya, a ba su minti ashirin, a busa, wasu su shiga. A minti ashirin ɗinsa na farko ƙwallo sau biyu ta zo ƙafarsa, domin kowa so yake a gan shi, ba mai ba wani. Wanda ke riƙe da takarda a bakin fili rabin lokacin waya yake amsawa. Wani da suka kwana tabarma ɗaya ya ba shi shawara ya rage shekara huɗu in an tambaye shi, ya ce kowa haka yake yi. Ba a ma tambaye shi ba. Rana ta huɗu aka karanta sunaye, aka ce sauran Allah ya ba da sa'a. Da ya nemi mutumin mai waya biyu, duka biyun a kashe. Wani ma'aikacin filin ya gaya masa tantancewar kyauta ce, ba a sayar da fom.

Abin da ya fi tsaya masa, in ji shi, ba korar ba ce. Ya ce, "Yaya, wallahi akwai waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba, su ma an kore su. Wani ɗan Gboko, ban taɓa ganin mai ƙwallo irinsa ba. Shekararsa ta biyar ke nan yana zagaye."

Da daddare ya shigo gari, ranar da ya cika kwana goma sha shida. Bai zo majalisa ba. Mu ma, abin kunya, ba mu je ba. Kowa yana jiran wani ya fara. Tela, da katangarsu ɗaya, ya koma fita ta ƙofar baya.

Direba ne ya dawo daga hanyar Paki wata rana ya ce, "Kun ga gonar Baba kuwa?" Washegari muka hau babura muka je. Ba sai an nuna maka iyaka ba. Ta maƙwabta kore shar har tana baƙi-baƙi, tasa kuwa ganyen ƙasa duk ya yi ɗorawa, karan siriri, ga ciyawa ta kama kunya. Dattijon da yaron da ƙannensa mata biyu suna ciki. Muka yi sallama. Ya amsa da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Bai ce komai game da ƙwallo ba, har yau kuma bai ce ba. Da ya zage mu da mun fi samun sauƙi.

A daren muka yi karo-karo na biyu, wanda ya fi na farko wuya, domin babu mai zumuɗi. Buhu ɗaya muka iya saya. Da muka kai masa ya yi godiya, ya sa albarka, sannan ya ce, "Ta riga ta fitar da kai, ta fara goyo. Yanzu ko an zuba ba zai yi wani abin kirki ba. Amma a ajiye, akwai barkono." Ranar Asabar muka yi masa gayya muka cire ciyawar. Malamin firamare, wanda ya shekara goma bai riƙe fartanya ba, hannunsa ya yi kanta ya fashe, mako guda yana rubutu a allo da ƙyar. Da kaka ta zo, abin da aka samu bai kai rabin na bara ba. A watan azumi gidan sun sayi masara a kasuwa, abin da ba su taɓa yi ba. Auren babbar 'yar da aka sa bayan sallah aka ɗaga.

Mun yi musu a kan wannan a tsakaninmu, musun da ya fi na kowane hoto zafi. Direba ya ce laifin ɗan damfara ne, mu alheri muka nufa. Gaskiya ne. Tela ya ce da an dace fa, da yanzu mu ake yi wa godiya. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa abin yake da wuyar warwarewa: ba mu yi ƙarya ba da muka ce yaron ya iya, kuma wanda bai je ba ba a ɗaukar sa. Rabi'u Ali, da ake kira Pele, wanda ya daɗe yana jan Pillars, shi ma wata rana yaro ne a filin unguwa da wasu suka ce masa ya gwada. Amma tsohon malamin wasanni ya yi wata tambaya da ba wanda ya amsa. Ya ce a cikinmu wa ya kira ko mutum ɗaya ya bincika kafin a je zauren dattijon? Muna da ɗan'uwa a Kano da ya san mutanen ƙwallo. Katin naira ɗari ya isa. Mun ɓata dare uku muna musu a kan tumbin ɗan bayan da bai san da zamanmu ba, amma ba mu ɓata minti biyar a kan wanda zai karɓi kuɗin takin maƙwabcinmu ba. A ganinmu duk hira ce. Mun saba magana a kan 'yan wasa yadda ake magana a kan shanu a kara, wannan a saya, wannan a sayar, wannan a kore shi, kuma maganar ba ta taɓa cin kowa ko sisi ba. Ranar da ta ci, ba aljihunmu ta fara ci ba.

Ba mu daina hirar sansani ba. Wanda ya ce za mu daina bai san mu ba. Da aka ce Ahmed Musa ya sake dawowa Pillars a 2024, muka kwana muna lissafin ƙwallayen da zai ci. Da aka naɗa shi janar manaja a 2025, muka raba gari biyu a kan ko mutum zai iya zama shugaba kuma ɗan wasa a lokaci guda.

Yaron ya dawo majalisa bayan an yi girbi. Yanzu yana koyon gyaran babur da rani, da damina yana gona. Yana buga ƙwallonsa da yamma, har yanzu 'yan baya suna waige. Wani abu ɗaya ya canza: yana hawa benci. Ba wanda ya ce ya hau, ba wanda ya ce ya sauka.

Daren da muka fara ba ku labari, na hoton da aka ce akwai ɗan Ghana, yana nan. Wayar ta zagayo ta iso hannunsa. Mu duk tsakiyar hoton muke kallo, inda fuskokin da muka sani suke. Shi sai ya ja hoton gefe, ya buɗa can ƙarshe, inda wasu huɗu suke gudu a baya.

Direba ya leƙa ya ce, "Waɗannan ai cikon benci ne. Dubi wannan, ko gudu bai iya ba. A sallame shi kawai."

Yaron ya ce, "Kawu, dubi wandonsu. Na gaba duk iri ɗaya ne, na ƙungiya. Waɗannan kowa da nasa ya zo. 'Yan gwaji ne." Ya ƙara buɗawa. "Wannan da ka ce bai iya gudu ba, takalmin ne ya yi masa yawa. Aro ya yi. Dubi yadda ya ɗaure igiyar ta ƙarƙashi."

Muka karɓi wayar ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar ake ganin igiyar, amma tana nan.

Malamin firamare ya ce, "To, a ganinka za a ɗauke shi?"

Ya ce, "Ban sani ba, Malam. Amma yau kwana nawa da shiga?"

Aka lissafa, aka ce tara.

Ya ce, "To ya yi ƙoƙari. Ni huɗu na yi."

Ya miƙa wa tela wayarsa, ya ce zai je ya kwanta, gobe da asuba za su zuba yuriya tunda ƙasa ta jiƙa. Mai shayi ya tambaya ko a haɗa masa na tafiya. Ya ce a sa madara kaɗan, a rubuta a littafin direba.